Ruwan Asuba a Famfon 'Yardada

Dukawuya, Kano
6 ga Fabrairu, 1955

Zuwa ga ɗana Isyaku, a makarantar haɗa magunguna, Ikko.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke. Yaya karatu, yaya zaman kurmi? Mahaifiyarka, Yaya 'Yardada, tana gaishe ka, ko da yake ba haka ta faɗa ba. Cewa ta yi, "Tambayi wancan na Ikko ko yana cin abinci." Matarka Kulu kuwa ta daɗe tana share wuri ɗaya a ƙofar ɗaki sa'ad da nake rubutu, sai na ɗauka gaisuwa ce.

Ka tambayi labarin famfon da ka bar sallahu a jawo wa gidanku. An jawo tun kaka, kuma ya zama mai gida. Ka san babban bututu a bakin titi ya tsaya, lungunmu kuwa babu inda ya miƙe. Ma'aikatan da aka fara kira suka ce sai an fasa katangun maƙwabta. Sai Baffa maƙeri, ƙanin marigayi mahaifinka, ya ce su matsa su ga aiki. Ya samo wani tsohon bututu mai laushi wajen masu sayar da tarkacen barikin sojan da aka tashi bayan yaƙi, ya bi lungu da shi yana tanƙwara shi a gwiwa kamar rama, har tsakar gida. Tun ran nan ba ya amsa gaisuwa da kyau sai an haɗa da "injiniya".

Yaya kuwa ta buɗe ƙofa. Duk gidan da ke lungun nan daga nan yake ɗiba, ta ce ladan shayarwa take tarawa, kuma rabi naka ne. Ni dai har yanzu mai garuwa ke kawo mini daga famfon bakin titi, don ba zan bi layin tuluna da furfurata ba.

Abu ɗaya ne bai yi mini daɗi ba. 'Yarka Lauratu, wadda kai kunyar ɗan fari ta hana ka rubuta sunanta, ba ta jin daɗi. Cikinta yana murɗawa, ta rage cin abinci, ga rigima wadda da ba ta da ita. Yaya ta ce haƙori ne. Na ce yarinya mai shekara uku ta gama haƙori. Ta ce yara nawa na goya? Lissafin kuwa ba ya wajena.

Tunda kai ne mai karatun magani, faɗi abin da za a yi.

Kawunka,
Salihu

*

Ikko
19 ga Fabrairu, 1955

Zuwa ga Kawu Malam Salihu.

Gaisuwa da girmamawa. Na sami takardarka, na yi murna da jin lafiyarku. A gaishe da Inna, a ce mata ina ci. A gaishe da Baffa da sauran mutanen gida.

Zancen yarinyar nan, ina jin ciwon cikin yara ne na shigowar zafi, yawanci daga ruwa yake. A riƙa ba ta ruwan da ya fi kowane tsabta a gidan, a kuma tafasa shi sosai kafin ta sha. Kada a ba ta na rijiya ko kaɗan. Na gode Allah da famfon ya samu kafin wannan.

Za a fita da mu ƙauyuka aikin gwaji, zan yi ɗan nisa da gidan waya.

Ɗanka,
Isyaku

*

Dukawuya, Kano
13 ga Maris, 1955

Ɗana Isyaku,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, sai zafi da ya fara gwada mana abin da ya tanada. Baffa ya yi mura ya warke. Yaya tana fama da ciwon gaɓɓai da ɗan murɗar ciki, ta ce tsufa ne, kuma wannan karon ban yi gardama ba.

Na karanta musu takardarka. Ban taɓa ganin umarnin likita ya sami biyayya irin wannan ba. Da ka ce ruwan da ya fi tsabta, Yaya ta gyaɗa kai ta ce ashe bokon bai cinye maka hankali duka ba. Ka san yadda aka tashe mu. A rijiya, ruwan kirki shi ne gugan farko na asuba, wanda ya kwana ya kwanta, babu wanda ya dama shi. Shi kakarmu take ajiye wa jarirai da masu jinya. To Yaya ta mayar da hukuncin rijiya kan famfo. Da an yi sallar isha sai ta ɗaure bakinsa da tsumma, kowa ya taɓa ya shiga uku. Da asuba ita ke kwancewa, ta tari ruwan farko a 'yar tukunya, wannan na Lauratu ne ita kaɗai. Sauran jama'a su sha na baya.

Tafasawa kuwa, ka ce sosai, to sosai ake yi. Sai tukunya ta koma rabi take saukewa, don kada a ce ta yi rowar itace. Da shi ake dama mata koko, da shi ake jiƙa mata tsamiya, har rubutun da Malam Ado na masallaci ya aiko da shi aka wanke allon.

Sai dai yarinyar ba ta san ana bin umarni ba. Ta ƙara ramewa. Tafin hannunta ya yi fari, tana daɗewa ba ta zaga ba, in murɗar ta taso ta dunƙule kamar bushiya. Da ita ce mai kwashe mini takalmi ta ɓoye a bayan randa, yanzu in na shiga kallona kawai take yi. Kulu tana tsaye daga nesa. Ka san 'yar fari ce, a hannun kaka take, uwa ba ta da bakin magana a kanta. Amma na ga idanunta.

Ka aiko da wata dabarar.

Kawunka,
Salihu

*

Dukawuya, Kano
5 ga Afrilu, 1955

Isyaku,

Gaisuwa a taƙaice, don na lura kai ma ka fi son taƙaitawa.

Na je gidan waya har ma'aikacin ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Ka ce za ka yi ɗan nisa. Ban san ɗan nisan mutanen Ikko ya kai Bahar Maliya ba. Kunya ta hana ka faɗin sunan yarinya, na yarda, al'ada ce. Amma ban ji al'adar da ta hana mutum sayen kan sarki ba.

Ta fara amai. Jiya ta miƙe za ta zo wajena ta faɗi, ba tuntuɓe ba komai. Na ce a kai ta asibiti, Yaya ta ce ga ɗanta likita ya riga ya ba da magani, ina dalilin kai ƙara wajen baƙi? Ka ga inda takardarka ta tsaya mini a wuya.

Salihu

*

Ikko
16 ga Afrilu, 1955

Kawu,

Ka yi mini gafara, yau muka dawo, na tarar da takardunka biyu tare. Ba zan tsawaita gaisuwa ba. Na koma na sake karanta ta farko, ta watan Fabrairu.

Ka ce bututun da Baffa ya sa mai laushi ne, yana tanƙwaruwa a gwiwa. Bututun ƙarfe ba ya haka. Don Allah da ka karanta wannan ka ɗauki wuƙa ka kankare shi inda ya fito daga ƙasa. In ya kankaru da sauƙi, wurin ya yi ƙyalli kamar azurfa, to dalma ce.

Dalma tana narkewa a ruwa kaɗan-kaɗan, ido ba ya gani, harshe ba ya ji. Ruwan da ya kwana a cikin bututu shi ya fi ɗaukarta, wato na asuba. Tafasawa ba ta kashe ta, don ba ƙwayar cuta ba ce. Ruwa ne ke tafiya a tururi, ita ta zauna ta ƙara kauri. Ruwan da ke saukowa daga tankin Goron Dutse ba shi da laifi, a lungunmu yake ɓaci. Duk abin da ka lissafa, murɗar ciki, fari, taurin bayan gida, faɗuwa, haka muka karanta su. Yara ta fi kamawa, kuma in ta kai ga ƙwaƙwalwa ba a cika dawowa daidai ba.

Ka duba dasashin Inna, in akwai shuɗin zare a gindin haƙora, ita ma ta taɓu.

A rufe famfon yau. Kada 'yata Lauratu ta ƙara shan ko cokali. A ba ta na bakin titi, a kai ta asibiti. Kawu, na san kana gyara mini magana in kana karanta wa Inna. Wannan karon ka karanta yadda take, kada ka rage harafi.

Ɗanka,
Isyaku

*

Dukawuya, Kano
27 ga Afrilu, 1955

Ɗana Isyaku,

Barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibada. Na janye zancen kan sarki.

Na kankare bututun. Da wuƙar fiƙe alƙalami na yi, ya yanku kamar sabulu, ya yi ƙyalli. Na tafi maƙera na sami Baffa, ina shirin in bi da shi a hankali kada ya ji kunya. Na ce, "Injiniya, bututun nan da me aka yi shi?"

Ya ce, "Dalma mana. Zalla, babu gauraye."

Na ce, "Ka sani?"

Ya ce, "Malam, ni za ka koya wa ƙarfe? Dalma ba ta tsatsa. Jikokin Lauratu ma za su sha ruwa a bututun nan."

Na ce in aka ci gaba a haka ba za a kai ga jikokin ba. Ya ce ai Turawa ne suka kawo shi, su da suka sha har suka ci yaƙi. Na ba shi labarin Rumawan da, waɗanda na karanta cewa da dalma suke jan ruwa, har masana cikinsu suka yi ta gargaɗi. Ya tambaye ni Rumawan wace unguwa.

Daga nan na shiga gida na karanta takardarka, ban rage harafi ba, kamar yadda ka umarta. Ga amfanin da aka samu. Da na kai inda ka rubuta "'yata Lauratu", Yaya ta saki ludayi ta yi salati. Ta ce, "Sake karantawa." Na sake. Ta ce, "Da bakinsa? 'Yata? Har da suna? Ikko ta gama da yaron nan." Matan da suka zo ɗiban ruwa suka kama baki. Duk bayanin tururi da ƙwaƙwalwa ya bi iska, aka wuni ana jajanta rashin kunyarka.

Da ƙura ta lafa na dawo da zancen. Ka manta, ni ma na manta, cewa Yaya 'yar malam ce, ta zauna bayan ƙofa ta haddace abin da mu muka yi barci a kai. Ta ɗebo ruwan a ƙwarya ta sa mini a hanci.

Ta ce, "Salihu, launinsa ya canja?"

Na ce a'a.

"Ɗanɗanonsa fa?"

Na ce ina azumi.

"Warinsa?"

Na ce bai canja ba.

Ta ce, "To me Malam ya karantar da ku a kan ruwan da ukun nan ba su canja ba?"

Na ce mai tsarki ne, amma tsarkin alwala daban, lafiyar ciki daban. Ta ce ba ta ji wannan babin ba, ko a Ikko aka ƙaro shi? Sannan ta ce abin da ya fi: wai ɗanta ya yi mata abin da ba a taɓa yi wa wata tsohuwa a Dukawuya ba, ta shayar da lungu guda da sunan Allah, yanzu ta fita ta ce wa mutane guba ta raba musu? Da ta kai nan muryarta ta sauya, na gane ba fiƙihu ne ke riƙe da ita ba.

Zancen dasashi kuwa, Allah ya shirye ka. Yayata ce, ta girme ni da shekaru masu yawa, ita ta yi mini wanka. In ce ta buɗe baki in leƙa kamar mai sayen doki? Na dai yi dabara na ba ta dariya. Abin da na gani goro ne da fure na shekara arba'in. Ko zaren alharini ne a wurin ba mai ganinsa.

Abin da na iya shi ne na sa mai garuwata ya riƙa ajiye wa Kulu tulu guda na bakin titi a ɗakinta. Da rana tana fakar idon Yaya tana ba yarinyar. Amma yarinyar a ɗakin Yaya take kwana, kuma kokon safe yana nan yadda yake. Asibiti an ce sai bayan Salla.

Kawunka da ya gaji,
Salihu

*

Ikko
4 ga Mayu, 1955

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma roƙo. Ka sami zarto ka yanke bututun, Inna ta yi fushi da ni har shekara. Na nemi izinin tahowa, an ce sai an gama jarrabawa. Ban rubuta sunan yarinyar don raini ba. Tsoro ne ya rubuta.

Isyaku

*

Dukawuya, Kano
15 ga Mayu, 1955

Ɗana Isyaku,

Ina gaisuwa. Zan fara da abin da kake son ji: tana da rai, tana gida, ta fara cin abinci. Yanzu zauna ka karanta sauran.

Takardarka ta zarto ta zo a makare. Da ma da wuya in aikata, don mai nisa ne kaɗai ke ganin abu ne mai sauƙi ƙane ya shiga gidan yayarsa da zarto. Ina cikin juya yadda zan sa Malam Ado ya yi mata magana sai abin ya zo da kansa.

Da hantsi ne, ranar Talatar da ta wuce waccan. Ina soron gidanku sai na ji ihu. Na shiga na tarar Lauratu a tabarma ta sanƙame, idanu sun kafe, jiki yana jijjiga. Yaya tana tofa mata addu'a tana kiran a kawo garwashi da turare. Sai Kulu ta fito. Yarinyar nan da ban taɓa jin muryarta ta wuce ƙofar ɗaki ba, wadda ba ta taɓa ɗaukar 'yarta a gaban mutane ba, ta zo ta durƙusa ta ce, "Inna, ki yafe mini." Ta sunkuci yarinyar daga gaban Yaya, ta goya, ta ja mayafi, ta fita cikin rana. Ba ta nemi iznin kowa ba. Kai ne mijin, in kana da ƙorafi ka kawo mini, ni na bi ta a baya ina haki.

A asibiti likita ya duba ta, ya yi tambayoyi, na zaro ɓarɓashin da na kankaro na nuna masa. Ya juya shi a tafin hannu ya tambayi tun yaushe take sha. Da na gaya masa zancen ruwan asuba da tafasawa sai ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Suka riƙe ta kwanaki, da allura da madara da wani magani. Kulu ba ta matsa daga gefen gadon ba.

Ran farko da na dawo gidanku da la'asar, na tarar tsakar gida tsit, babu tulu ko ɗaya. Na duba wajen famfo. Inda bututun ya fito daga ƙasa an daka shi ya zama faifai, ga taɓarya a jingine. Yaya tana zaune a bakin ƙofa da mayafinta a ka. Ba ta tambaye ni abin da likita ya ce ba. Ta ce, "Tana numfashi?" Na ce tana yi. Ta ce, "Tashi mu je."

Na ce ina? Da azumi, ga rana?

Ta ce, "Ni na raba shi gida-gida. Gida-gida zan bi."

Haka muka bi lungun nan kaf. Ni a soro ina yi wa mazaje bayanin dalma, ita a ciki tana sa a tuntsurar da randuna. Ina jiyo ta ta katanga tana cewa, "Ku zubar, ku wanke. Yaran da suka sha, a kai su a duba. Na ba ku da niyyar alheri, ku yafe ni." Matar da ban taɓa jin ta ba wani haƙuri ba tun ina yaye. A gidan Gambo mai rini aka ce ai ba komai, ruwan garau yake. Ta ɗaga murya ta ce, "Garau ɗin ne ya kwantar mini da jika!" Aka zubar. An sami yara biyu a lungun da ke ciwon ciki, nasu da sauƙi, don su na baya suke sha. Ita ma Yaya na ja ta an duba, an ba ta magani, tana sha tana zagin ɗacinsa.

Kada ka ɗauka hankali ya sauka a unguwar gaba ɗaya. Baffa ya zo ya tone bututun, ya yi jimami na gaskiya, har da hawaye. Ya naɗe shi ya saɓa a kafaɗa. Na ce ina za ka da shi? Ya ce asara ce a yar, zai narkar ya riƙa liƙin tukwane da butoci. Isyaku, na yi shekara ashirin ina koyar da 'ya'yan mutane, ban taɓa jin sha'awar dukan kowa ba sai ran nan, ga shi kuwa dattijo. Na ƙwace. Yanzu yana ƙarƙashin gadona, ni da shi muke kwana, har in sami inda ba zai koma bakin kowa ba. In za a sake jawo ruwa, na ƙarfe za a sa, a fasa katangar da za a fasa. Kafin nan mai garuwa ya sami lungu guda, shi kaɗai ne ke yawo da fara'a.

In ka zo, ga gargaɗina. Kada ka yi wa Yaya lacca. Kada ka ce ai ka faɗa. Ta sani, kuma abin da take gaya wa kanta ya fi naka zafi. Kai ma kada ka zauna kana tuhumar kanka a kan famfon, ba mu da wurin ajiye masu jinya biyu.

Ga gaskiyar halin da ake ciki, ban gyara ba. Jijjigar ba ta dawo ba. Murɗar ta ragu. Tana gane mutane, amma maganarta ta yi ƙaranci, kalma ɗaya-ɗaya, kamar ta koma baya. Hannunta na hagu yana saki daga wuyan hannu. Na tambayi likita ko zai dawo, ya ce yara suna ba da mamaki, amma ba zai yi mini alkawari ba, a dai riƙa kawo ta.

Jiya da aka sha ruwa Kulu ta zaunar da ita a cinya, a tsakar gida, a gaban kowa, Yaya kuma ta miƙo ƙwaryar kunu. Lauratu ta kama ludayi da hannun dama ta kai baki da kanta. Rabi ya zube a riga. Ta sake kamawa.

Ka gama jarrabawarka ka hau jirgi. Ka zo ka riƙe mata ɗaya hannun.

Kawunka,
Salihu